Littattafan da Baba Alƙali Ya Ce In Kwashe

Ko da zan manta da komai na shekarun karatuna, ban da maganar littattafan wani tsohon alƙali na Malumfashi. Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, na ga abubuwan da a idon mutane suka fi wannan girma, amma wannan ɗin ne ya ƙi barin raina, kuma na san da shi za a kai ni kabari.

A lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin nazarin laifuka. Mutanen ƙauyenmu ba su taɓa gane wannan karatu ba. Wasu na cewa lauya zan zama, wasu 'yar sanda, wata gwaggona kuwa ta ce ita dai ta ji an ce ɓarayi nake karantawa. Ni 'yar manomi ce daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, amma in an yi hutu a Funtua nake zama wajen yayata mai aure, don can ne ake ɗan samun wuta da intanet. Kamar kowane ɗalibi mai shirin fita, sai na rubuta kundin bincike kafin a ba ni takardar kammalawa. Na zaɓi abin da na tashi ina gani, wato satar amfanin gona da ta shanun huɗa, da yadda kotunan yankinmu suka riƙa hukunta masu yin ta tun zamanin iyayenmu. Ina ƙarama an taɓa kwance mana bijimai a turke ana gab da huɗa, kuma na ga yadda babanmu ya zauna a bakin turken nan kamar an yi masa mutuwa. Tun daga ranar abin yake ci mini rai.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai tsauri, ba ya wasa da jan biro. Ya karanta babina na farko ya turo mini shi kan tebur. Ya ce, "Malama, duk abin da kika kawo daga Amurka da Ingila ne. Ina ruwan ɓarawon masara na Danja da abin da Bature ya rubuta a kan masu fasa kanti? Ki kawo mini dokar da aka yi hukunci da ita, ki kawo shari'o'in da aka yanke a nan gida. In babu, ki sauya batu." Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai. Na ce akwai, kuma zan kawo, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Na sha yawo, ba ƙarya. Laburaren jami'armu cike yake da littattafan dokokin laifi, kuma ma'aikacin sashen ya yi iya ƙoƙarinsa a kaina, har ya koya mini yadda ake neman littafi ta batu ba sai ka san sunan marubuci ba. Amma duk rahotannin shari'a da muka sauko da su na manyan kotuna ne: kisan kai, damfara, cin amanar ƙasa. Ba wanda ya damu ya buga shari'ar mutumin da ya ɗauke buhun dawa. Na koma intanet, in na ga muƙalar da ta yi kama da abin da nake so sai a nuna mini shafin farko a rufe sauran, wai sai mai katin biyan kuɗin waje. Na je wata kotu, magatakarda ya karɓe ni da mutunci ya ce tsofaffin fayil-fayil suna sito, amma sai an samo izini daga sama. Na rubuta takardar neman izinin, har yau ina jiran amsa.

Wata ranar Lahadi bayan mun taso daga coci ina ta mita a tsakar gida, sai babanmu ya ce, "Ke da kike ta wahalar da kanki, kin je wajen Malam kuwa?" Malam ɗin nan tsohon alƙali ne da ya yi ritaya ya zauna a Malumfashi. Gonarsa da tamu iyaka ɗaya, sun shekara da shekaru suna aron garma da juna shi da babanmu, mu kuwa Baba Alƙali muke ce masa. Wallahi ban taɓa kawo shi a raina ba. A wajena shi tsoho ne mai zuwa gona da lema, yana faɗa a kan an shuka waken suya da kauri.

Ranar Asabar babanmu ya ɗauke ni a mashin ya kai ni. Bayan an gaisa an tambayi damina, Baba Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ɗiyata, mi kike nema?" Na zayyana masa. Ya tashi ya ɗauko mabuɗi ya buɗe wani ɗaki da ke kusa da zaure. Ɗaki ne na siminti mai rufin kwano, mafi kyau a gidan, kuma bango uku kanta ne cike da littattafai har sama. Akwai kundin dokokin laifi na Arewa bugu daban-daban, akwai sharhinsu, akwai na tsarin gudanar da shari'a, da mujallun lauyoyi da aka ɗinke shekara-shekara. A kantar ƙasa kuma ga kwafin hukunce-hukunce da aka buga da tafireta, nasa da na abokan aikinsa, na kotunan Malumfashi da Funtua da Musawa da sauran wuraren da aka taɓa kai shi, ya ɗinke su da kwali ya rubuta shekara a ƙeyar kowanne. Na tsaya baki buɗe. Abin da na gama zagaye gari ina nema, ashe yana nan hannun maƙwabcin gonarmu.

Sai dai yana da doka ɗaya. Ya ce, "Littafina ba ya kwana a waje. Na ba mutane aro da yawa, cikinsu har da alƙalai, ba wanda ya maido. Ki zo nan ki karanta." Na yi maganar fotokofi, ya ce masu injin nan karya wa littafi ƙashin baya suke yi. Wayata kuwa a lokacin in ta ɗauki hoton shafi sai ka rantse kaji ne suka yi tonon ƙasa. Saboda haka duk Asabar sai in shiga mota daga Funtua da sassafe, in wuni a ɗakin nan ina kwafa da hannu, Hajiya matarsa ta aiko mini da ɗanwake ko fura.

A ɗakin nan na koyi bincike, ba a jami'a ba. Ranar farko ya same ni na buɗe wani ƙaton littafi daga shafi na ɗaya, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Haka za ki yi har ki tsufa. Littafin doka ta ƙeya ake kama shi." Ya juya shi ya nuna mini jerin kalmomin da ke baya. Ka nemi sata, ta kai ka sashen doka. Sashen ya kai ka sharhi. A ƙasan shafin sharhi akwai ƙananan rubutu da ɗalibai ke tsallakewa, su ne za su ba ka sunan shari'a da shekararta da littafin da take ciki. Daga nan sai ka duba ko wata kotu ta sama ta zo ta rushe hukuncin daga baya. Ya ce littafi ɗaya aikinsa ya nuna maka ƙofar na biyu. A gefen shafuka kuma ga rubutunsa da fensir, wani da boko wani da ajami, inda yake musu da marubutan. Na tuna wani wuri da ya rubuta cewa wanda ya saci bijimi da rani ya saci dabba, wanda ya sace shi ana gab da huɗa ya saci abincin gida na shekara, amma doka ba ta san bambancin ba. Da na karanta wannan sai da na ajiye biro na share ido.

Aiki ya fara kyau. Na kai wa malamina babi na biyu, ya karanta ya ɗago ya ce, "Ina kika samo waɗannan?" Shi ne karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce in na bi shari'o'in nan duka na jera su, aikin zai wuce na neman takarda kawai, har bugawa za a iya yi. Amma ko kashi ɗaya cikin huɗu ban kwafa ba tukuna.

Sai ga wata Asabar a ƙarshen damina, masara ta fara bushewa a gona. Baba Alƙali bai daɗe da dawowa daga asibiti ba, ya rame, amma bakinsa na nan yadda yake. Na tarar da wata akori-kura a ƙofar gida, ta kawo wa babban ɗansa buhunan da za a zuba amfanin gona, za ta koma Funtua ba kaya. Shi babban ɗan nasa Alhaji ne mai sana'ar hatsi, sauran manyan 'ya'yan ma kowa da inda ya nufa, babu wanda ya karanta doka. Ina zaune ina kwafa, Baba ya shigo ya jingina da ƙofa ya daɗe yana kallon kantocin. Can ya ce, "Ɗiyata, ga mota nan za ta koma Funtua. Kira direban ku kwashe su duka. Na ba ki."

Na ɗago na dube shi. Mutumin da ba ya yarda littafi ɗaya ya kwana a waje! Zuciyata tana cewa tashi ki kwasa, amma bakina ya riga ya san abin da aka koya masa tun ina goye. A gidanmu ko tuwo aka yi maka tayi ba ka sa hannu a kira na farko. Balle a ce tsoho ya taso daga ciwo ya miƙa maka abin da ya fi so a duniya, ka yi caraf ka karɓe? Ai kamar ka ce masa dama jira kake yi ya tafi. Na durƙusa na ce, "Haba Baba, ai kana nan. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. In na kwashe, me zan riƙa zuwa yi ran Asabar?"

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Na gode ƙwarai, Baba, amma a bar su a ɗakinsu."

A lissafina zai sake cewa in ɗauka, in ƙara noƙewa kaɗan, ya yi mini faɗa, sannan in karɓa da mutuncina, kamar dai yadda ake yi. Amma sai ya yi murmushi ya ce, "To, shi ke nan." A daidai lokacin aka kira azahar, ya ɗauki butarsa. Direba ya yi hon, na ji tashin motar har ta karya kwana. Na koma kan kujera na ci gaba da kwafa kamar ba abin da ya faru.

Da na je gida na ba da labari, Mama ta ce, "Kin yi daidai. Da kin ba mu kunya. 'Ya'yansa su dawo su tarar da ɗaki wayam, a ce ɗiyar wane ta yi wa tsoho wayo?" Har na ji sanyi a raina. Babanmu yana gyaran igiya bai ɗago ba, can ya ce, "Ke ba ki san Malam ba. Alƙali ba ya maimaita hukunci." Na ce a raina ba komai, wata Asabar ɗin zan san yadda zan jawo maganar. Ban san ranar wanka ce nake ta ɓoyon cibi ba.

Wata Asabar ɗin ba ta zo ba. Aka kira mu jarrabawa na koma makaranta, ina can yayata ta bugo waya ta ce Baba Alƙali ya rasu, har an kai shi. Na yi kuka sosai, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, a ranar ba littattafai na tuna ba, tsohon na tuna da tarinsa da dariyarsa. Na zo ta'aziyya na zauna cikin mata wajen Hajiya. Da zan fita na ga ɗakin da kwaɗo a ƙofa, na kawar da kai. Wa zai buɗe baki ya yi maganar kaya a gidan makoki?

Sai bayan sadakar arba'in babanmu ya raka ni muka je. Ƙanin marigayin ne ya saurare mu a zaure, shi ma malami ne, ga Alhaji a gefe. Ba wanda ya ƙaryata ni, don Hajiya ta ji maganar da kunnenta ranar da aka yi ta. Amma malamin ya ce, "Yarinya, ki yi haƙuri. A shari'armu kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai. Da kin ɗora su a motar nan ran nan, ba mai cewa uffan. Yanzu kuwa sun shiga gado, kuma cikin magada akwai waɗanda ba su balaga ba. Ko allura ba mu da ikon fitarwa sai an yi rabo." Rabon kuma sai wani ɗan marigayin da ke aiki a ƙasar waje ya samu hutu ya zo. Na tambaya ko zan ci gaba da zuwa ina karantawa a nan. Alhaji ya ce in ɗan dakata tukuna, Hajiya na takaba, gida ba daɗi. Ya ƙara da cewa, "Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Ba mai son takardun nan a cikinmu. Ana gama rabo naki ne."

Na koma na roƙi malamina. Ya ce ko in sauya batu in fita tare da 'yan ajinmu, ko in jira in maimaita shekara. Na zaɓi jira. Ina ji ina gani ƙawayena suka sa rigar yaye suka tafi bautar ƙasa, ni ina Funtua ina taya yayata tsare shago. In mutane suka tambaya sai in ce saura kaɗan. Ban damu ba, don na san abin da nake jira ya isa a jira shi.

Abin da ban sani ba shi ne, a cikin ranin nan ɓarayi sun fasa wani sito a unguwarsu suka kwashe masara. Alhaji ya tsorata, ga shi ya tara hatsi yana jiran kasuwa ta tashi, sai ya ga ba inda ya fi tsaro irin ɗakin simintin nan na kusa da zaure. Littattafan Larabci aka zuba su a akwatin ƙarfe aka kai ɗakin Hajiya, saboda akwai sunan Allah a ciki. Na boko kuwa, da kwafin shari'o'in nan duka, aka cusa su a buhuna aka ɗaure da kyau aka jera a wani tsohon ɗakin ƙasa da ke can ƙuryar gidan. Shi a ganinsa adana su ya yi, domin kuwa haka yake adana duk abin da yake da daraja a wurinsa. Satar amfanin gonar da nake bincike a kanta ita ce ta kori littattafan daga ɗakinsu.

Sai da ruwa ya sauka sosai aka yi rabon. Alhaji ya kira ni da murnarsa ya ce, "Ƙanwata, an gama. Littattafan a rabon mu manya suka faɗo, kuma kowa ya yafe maki. Zo ki kwashe kayanki." Na yi shatar mota tun daga Funtua, ina ta zuba wa direba labari a hanya kamar mai zuwa ɗaukar amarya. Muka nufi ɗakin ƙasan nan, Alhaji ya buɗe ƙofar, wani warin danshi ya buge mu. Buhunan na nan a jere, cike tim, bakinsu a ɗaure. Direba ya kama na farko ya ɗaga, sai gindin buhun ya zauna a ƙasa, jar ƙasa ta zubo masa a ƙafa tana motsi. Gara ce. Ta shigo ta ƙasa ta gina gidanta a ciki. Na sa hannu na jawo wani kundi, bangon lafiya lau har da shekarar da Baba ya rubuta a ƙeyarsa, na buɗe na tarar ba komai a ciki sai laka.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya durƙusa yana tona da hannunsa, yana ta salati, yana cewa, "Wallahi ban sani ba. Wallahi na ɗauka na kyauta." Hajiya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli ƙasar nan ta ce, "Shekara talatin yana hana ni share ɗakin littattafansa don kada in taɓa mashi takarda." Ta juya ta koma ciki tana share hawaye da mayafi. Na so in ji haushin wani, na rasa wanda zan ji haushinsa. Abin da muka tsira da shi bai cika kwali ɗaya ba, shi ma yawanci mujallu ne da akwai irinsu a jami'a. Daga cikin shari'o'in yankinmu ba abin da ya rage a duniya sai ɗan abin da na kwafa da hannuna.

Na sauya batu. Na raba wa mutane takardun tambayoyi a kasuwa kamar yadda kowa ke yi, na haɗa wani kundi mara gishiri, aka ba ni makin da ba yabo ba fallasa na fita. Shekarar da na rasa ba ta dame ni ba kamar aikin da ba a rubuta ba. Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma duk shekara sai wani ɗalibi ya zo ya ce yana son ya yi bincike a kan yadda kotunanmu na gida suka yi shari'a a da. Ina koya masa yadda ake bin sashe zuwa sharhi, sharhi zuwa shari'a, amma in ya ce ina zai samu shari'o'in, sai in ce masa gara ta riga mu.

Har gobe ina ganin girman kara, kuma ina koya wa 'ya'yana ita a kan abinci da sutura. Amma na koyi cewa ba a yin ta a kan ilimi. Tsoho ya san abin da yake ji a jikinsa, ya kuma san mutanen gidansa fiye da kai. Ranar nan ni na ɗauka Baba tayi yake mini, ashe mafaka yake nema wa aikin rayuwarsa, ni kuma na mayar masa da hannu saboda gudun abin da mutane za su ce. In babba ya miƙo maka abin da ya sani, ka sa hannu biyu ka karɓa tun a kira na farko, ka yi godiya daga baya, don ba kowa ake ba damar a tambaye shi sau biyu ba.